Wa Ya Gaji Unix? Tsohuwar Shari'ar da Ta Shafi Wayar da Ke Aljihun Manomi

A ranar kasuwa a Dambatta, ko Bichi, ko Kunci, da wuya mutum ya ratsa layi biyu bai tarar da rumfar mai cajin waya ba. Janareto na ruri a gefe, ko faifan sola a jingine, wayoyi kuma a jere kan katako, kowace da 'yar lambarta. Akasarinsu Tecno ne da Itel da Infinix, ƙirar kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Da su ake jin farashin gero da wake a Dawanau kafin a ɗora buhu a mota, da su ake tura kuɗin taki, da su ake sauraron tafsiri da daddare. Duk wadda ake shafa fuskarta a cikinsu, babbar manhajar da ke tafiyar da ita Android ce, ita kuwa Android an gina ta ne a kan wata cibiya mai suna Linux.

Babu wanda ya taɓa neman mai wayar ya biya kuɗin Linux. Amma a shekarar 2003 wani kamfani mai suna SCO, da ke garin Lindon a jihar Utah ta Amurka, ya tashi ya ce akwai dukiyarsa a cikinta, don haka duk mai amfani da ita bashi yake ci. Ya yanka farashi: dala 699 kan kowace babbar kwamfutar ofis mai ƙwaƙwalwa ɗaya, dala 32 kan kowace ƙaramar na'ura da aka dasa wa Linux a ciki. A lokacin ba a ƙera wayar Android ko ɗaya ba, sai a 2008 ta farko ta fito. Da wannan da'awa ta tsaya da ƙafarta, da kowane mai ƙera waya mai araha ya fara lissafinsa da wannan kuɗi a wuyansa. Shari'ar ta ɗauki shekara 18 kafin a rufe ta, kuma ba ita ce ta farko ba.

Abin da ake rigima a kai

Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai wadda na'ura ke ganewa, jerin lambobi ne zalla da ɗan Adam ba ya iya bi. Ita ce mai gyaran waya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ke zuba wa waya idan ya ce zai yi mata filashin. Akwai kuma asalin rubutun, wanda masu gina manhaja ke rubutawa layi bayan layi da harshen da mutum zai iya karantawa, ya gane, ya gyara, ya ƙara. Wanda ke riƙe da fuskar farko amfani kawai zai yi. Wanda ke riƙe da asalin rubutun shi ke da ikon sauya manhajar, ko ya dasa ta a wata sabuwar na'ura.

A idon doka, wannan rubutu ɗaya yake da littafi: yana da marubuci, yana da haƙƙin mallaka, ana sayar da shi, ana ba da lasisinsa, ana gadonsa. Haka abin yake a Amurka, haka yake a dokar Nijeriya. Matsalar ita ce babbar manhaja ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Dubban hannuwa ne ke taɓa ta cikin shekaru masu yawa, wani a kamfani, wani a jami'a, wani a ɗakinsa. Ranar da kuɗi ya shigo, sai a fara tambayar wane ne ya rubuta wane layi.

Yadda Unix ta bar gida

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara rubuta babbar manhajar Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs, mallakar kamfanin tarho na AT&T. Wata yarjejeniya da kamfanin ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi kasuwancin da ba na tarho ba. Tun da ba zai iya buɗe shagon sayar da manhaja ba, sai ya riƙa ba jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan, tare da asalin rubutunta. Malamai da ɗalibai suka karanta, suka gyara, suka yi ta aika wa juna gyare-gyaren a faifai.

A Jami'ar New South Wales ta Ostareliya, wani malami mai suna John Lions ya haɗa rubutun cibiyar Unix da sharhinsa ya mai da shi littafin koyarwa. Da AT&T ya fara gane darajar abin da ke hannunsa, lasisin da ya fitar a 1979 ya hana koyar da rubutun a aji. Ɗalibai suka koma ɗaukar hoton littafin Lions a ɓoye, kwafi daga kwafi, har sai a 1996 aka yarda a buga shi a fili.

Babu inda aka yi wa Unix hidima kamar Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 ake fitar da nata samfurin mai suna BSD, kuma a nan aka rubuta wani babban sashe na manhajar sadarwar da intanet ta tashi a kai. A 1984 aka tarwatsa AT&T gida-gida, takunkumin kasuwanci ya faɗi, kuɗin lasisin Unix ya yi tashin gwauron zabo. Mutanen Berkeley suka zauna suka riƙa cire rubutun AT&T suna maye gurbinsa da nasu, har a watan Yunin 1991 suka fitar da kusan cikakkiyar babbar manhaja kyauta ga kowa.

Shari'ar farko

Wani ƙaramin kamfani mai suna BSDi ya ɗauki wannan aiki, ya cike giɓin da ya rage, ya fara sayarwa a kan dala 995, har ya sa kalmar Unix a lambar tarhonsa ta talla. A 1992 reshen AT&T mai kula da Unix, wato USL, ya maka shi a kotu a jihar New Jersey, daga baya ya haɗa da jami'ar. Zargin shi ne satar rubutu da tona sirrin kasuwanci.

A 1993 alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi ba da umarnin dakatar da sayarwar. Dalilinsa ya girgiza masu ƙara: AT&T ya daɗe yana raba wani tsohon samfurin Unix ba tare da tambarin haƙƙin mallaka ba, a zamanin da dokar Amurka ke buƙatar tambarin, saboda haka akwai shakka ko haƙƙin yana nan. Sirri kuwa, abin da dubban ɗalibai suka karanta da wuya a kira shi sirri. Ana cikin haka jami'ar ta shigar da tata ƙarar a Kalifoniya, ta ce AT&T ya kwashi rubutun Berkeley ya zuba a tasa Unix ya goge sunan masu shi. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Kamfanin Novell ya sayi USL a 1993, ya kuma zaɓi sulhu. A farkon 1994 aka daidaita: cikin fayiloli kusan 18,000, uku kawai aka cire, aka ƙara tambarin USL a kan wasu 70. Sharuɗɗan sulhun sun zauna a rufe har 2004.

BSD ta tsira, amma shekaru biyun da ta yi a gaban alƙali sun yi mata tsada. A daidai wannan lokaci wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da tasa cibiyar a 1991, wadda ya rubuta daga tushe ba tare da rubutun AT&T ba. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya tsara: kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya sayar ma, da sharaɗin idan ya raba wa wasu ya ba su asalin rubutun a kan wannan ƙa'ida. Masu gudun rigima suka karkata wajen Linux. Shi kansa Torvalds ya taɓa cewa da BSD ta ƙananan kwamfutoci tana hannu lokacin da ya fara, mai yiwuwa da bai rubuta Linux ba.

SCO ya ɗaga murya

A 1995 Novell ya sayar da kasuwancin Unix ga kamfanin Santa Cruz Operation. A 2001 Santa Cruz ya sayar wa Caldera, kamfanin da sana'arsa ta asali ita ce sayar da Linux. Kasuwa ta ƙi, aka naɗa Darl McBride shugaba a 2002, aka sauya suna zuwa SCO, aka kuma sauya sana'a. A watan Maris na 2003 SCO ya kai IBM ƙara yana neman dala biliyan 1, daga baya ya ɗaga zuwa biliyan 3, sannan biliyan 5. Da'awarsa ita ce IBM ya kwashi fasahar Unix ya zuba a Linux. Ya ɗauki David Boies, lauyan da ya tsaya wa gwamnatin Amurka a shari'arta da Microsoft.

A watan Mayu SCO ya aika wasiƙar gargaɗi ga manyan kamfanoni 1,500. McBride ya riƙa faɗa wa 'yan jarida cewa layukan da aka sace sun kai miliyoyi. Kamfanonin Microsoft da Sun suka sayi lasisi daga wajensa, wasu masu zuba jari suka ba shi dala miliyan 50, farashin hannun jarinsa ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. A 2004 ya kai masu amfani da manhajar su ma ƙara: AutoZone mai sayar da kayan gyaran mota, da DaimlerChrysler mai ƙera Marsandi.

Tambaya ɗaya mutanen Linux suka yi ta maimaitawa: a nuna layukan. Rubutun Linux a fili yake, kowa na iya saukewa, don haka idan akwai na sata a faɗi fayil da lambar layi a cire. SCO ya ce sai wanda ya sa hannu kan alƙawarin riƙe sirri zai gani. A watan Agustan 2003, a wani taro a Las Vegas, ya haska misalai a allo, wani sashe an juya shi zuwa haruffan Girka don kada a karanta. Wani ɗan jarida ya ɗauki hoto. Cikin kwana ɗaya ko biyu masana suka warware haruffan suka bi sawun rubutun. Ɗaya tsohon rubutun Unix ne na shekarun 1970, wanda Caldera da kansa ya saki kyauta a Janairun 2002. Ɗayan kuwa asalinsa aikin Berkeley ne, ba na SCO ba.

Wata ma'aikaciyar ofishin lauyoyi, Pamela Jones, ta buɗe shafin Groklaw a 2003, inda aka riƙa tara kowace takardar kotu ana fayyace ta. Tsofaffin injiniyoyi suka tono faifai da wasiƙu da takardun lasisi na shekaru 20 baya. A nan aka fara buga sharuɗɗan sulhun 1994 bayan an nemo su ta dokar bayyana takardun hukuma ta Kalifoniya. An kuma ga wata wasiƙar cikin gida ta 2002, inda wani injiniyan kamfanin ya shaida cewa binciken da suka sa aka yi tun farko bai gano rubutun sata a Linux ba.

Ƙa'idar da kowace kotun alƙali a ƙasar Hausa ke aiki da ita, cewa mai da'awa shi ke kawo hujja, ita ta fara karya SCO. A Fabrairun 2005 alƙali Dale Kimball ya nuna mamakin tazarar da ke tsakanin abin da kamfanin ke faɗa a jarida da abin da ya kawo gaban kotu. A Yunin 2006 mai shari'a Brooke Wells ta yi watsi da mafi yawan zarge-zargen saboda an kasa fayyace su. Zuwa 2007 lauyoyin IBM suka shaida wa kotu cewa miliyoyin layukan nan sun koma 326.

Takardar ciniki

Abin da ya gama da SCO bai fito daga IBM ba. Novell ne ya fito a 2003 ya ce: haƙƙin mallakar Unix ɗin da ake ta faɗa a kai, ni ban taɓa sayar da shi ba.

Mutumin karkarar Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu kan yadda ƙasar da ke kewaye da birnin ta cika da jama'a, har gona ba ta hutawa, kowace shekara ana nome ta ana ciyar da ita da taki. A irin wannan wuri kowane taku na ƙasa da mai shi, kuma kowa ya san akwai hanyoyi da yawa da gona ke shiga hannun mutum: gado, saye, jingina, aro, haya. Mutum na iya shekara 20 yana noma gona, yana kai mata taki, maƙwabta na kiranta da sunansa, alhali jingina ce. Rigima kan tashi ne idan ta wuce zuwa hannu na uku, ɗan wanda aka jinginar wa ya sayar wa baƙo, baƙon kuma ya ɗauka ya sayi ƙasa. Ran da aka je gaban dagaci ko alƙali, ba a tambayar wa ya fi daɗewa yana noma. Takarda ake nema da shaidun da suka halarci cinikin farko.

SCO shi ne hannu na uku. Da aka buɗe takardar cinikin Satumban 1995, sai aka ga tana da jeri biyu: abin da aka sayar da abin da aka keɓe. A jerin da aka keɓe an rubuta haƙƙoƙin mallaka. Takardar ta kuma ce kuɗin lasisin tsofaffin abokan ciniki, Santa Cruz zai karɓo ne a madadin Novell, ya miƙa kashi 95 cikin 100, ya riƙe kashi 5 ladan wahalarsa. Shaidun Novell suka ce an tsara haka ne domin Santa Cruz ba shi da kuɗin sayen komai da komai. SCO ya dogara da wani gyara da aka yi wa takardar a 1996 mai harshen damo, ya kuma kawo manyan shaidu, har da Robert Frankenberg, shugaban Novell a lokacin cinikin, wanda ya ce shi a niyyarsa an sayar da haƙƙin. Sai dai rubutaccen bayanin zaman hukumar daraktocin Novell na makon da aka yi cinikin ya ce kamfanin zai riƙe haƙƙoƙinsa. Dokar Amurka kuwa ba ta yarda haƙƙin mallaka ya sauya hannu sai da rubutu da sa hannun mai shi.

A ranar 10 ga Agustan 2007 Kimball ya yanke cewa haƙƙin na Novell ne. Bayan wata guda SCO ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda ya karye. A 2008 aka umarce shi ya biya Novell kimanin dala miliyan 2.5 daga kuɗin lasisin da ya karɓa ya riƙe. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2009 a mai da batun gaban masu taya alƙali hukunci, su ma a ranar 30 ga Maris 2010 suka ba Novell gaskiya, aka tabbatar a 2011. An sallami McBride tun 2009. Abin da ya rage na ƙarar IBM, wanda ya shafi wani tsohon aikin haɗin gwiwa mai suna Monterey, an rufe shi a 2021 da sulhun dala miliyan 14.25. Wanda ya fito neman biliyan 5 ke nan.

Rabon Nijeriya a rigimar

Shekarar da Kimball ya yanke hukuncinsa, irin wannan ƙura ta tashi a gida. Shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya sanar a 2005, ya yi alƙawarin kwamfutar dala 100 ga yaran ƙasashe matalauta. Kwamfutar, mai launin kore da fari, da Linux take aiki, kuma an gwada ta a wata makarantar firamare a Galadima, bakin Abuja. A ƙarshen 2007 kamfanin LANCOR na Ade Oyegbola ya kai shirin ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. LANCOR ne ya ƙera allon rubutu na Konyin, mai ba da damar buga haruffan harsunan Nijeriya kai tsaye, har da ɓ da ɗ da ƙ na Hausa. Ya yi zargin cewa an sayi allonsa, an kwaikwayi tsarinsa, an kuma tono rubutun manhajar da ke sarrafa shi, ya nemi diyyar dala miliyan 20. Masu shirin suka musanta. A Disamban 2007 kotu ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da raba kwamfutocin a Nijeriya. Da wannan, da sauyin gwamnati, da tsadar da kwamfutar ta yi fiye da alƙawari, maganar kwamfuta miliyan 1 da aka yi ta yi a zamanin Obasanjo ba ta tabbata ba.

A watan Oktoban 2007 kuma, shugaban kamfanin Mandriva na Faransa, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa. Kukansa shi ne an yi cinikin kwamfutocin makaranta 17,000 na Intel da za su zo Nijeriya ɗauke da Linux ta Mandriva, sai ga labari cewa za a goge ta a zuba Windows. Bayan hayaniyar, hukumar gwamnati da ta biya kuɗin mafi yawansu ta ce za ta ci gaba da Linux ɗin. Yaran da aka yi domin su ba su san ana yi ba, amma abin da za su fara koyo a kai ake ja.

Bayan SCO

Mutanen Linux sun ɗauki darasi tun shari'ar na ɗanya. A 2004 Torvalds ya kawo ƙa'idar cewa duk wanda ya kawo gyara sai ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa shi ya rubuta ko yana da izinin bayarwa, kuma duk wanda gyaran ya bi ta hannunsa shi ma ya sa nasa. Yau kusan kowane layi da ya shiga cibiyar ana iya bin salsalarsa zuwa ga wanda ya kawo shi da ranar da ya kawo. A 2005 IBM da Novell da Philips da Red Hat da Sony suka kafa wata ƙungiya da ke tara haƙƙoƙin ƙirƙira don kare Linux daga masu ƙara.

Rigimar ba ta mutu ba, salo ta sauya. A 2007 Microsoft ya ce manhajojin kyauta sun taka haƙƙoƙin ƙirƙirarsa 235, ya kuma bi masu ƙera wayoyin Android ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi. Takardun kotu sun nuna Samsung kaɗai ya biya shi sama da dala biliyan 1 a 2013. A 2010 Oracle, bayan ya sayi Sun, ya kai Google ƙara kan layuka kusan 11,500 na Java, manhajar Sun, da aka yi amfani da su a Android, yana neman kusan dala biliyan 9. Aka yi ta kai da komo tsakanin kotuna har ranar 5 ga Afrilun 2021, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 2, ta ce abin da Google ya yi amfani ne da doka ta halatta.

Su kansu manyan sun sauya sheƙa. Microsoft, wanda shugabansa ya kira Linux cutar daji a 2001, ya shiga gidauniyar Linux a 2016, ya kuma shiga waccan ƙungiyar kariya a 2018. IBM ya sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34.

Kada dai a ɗauka komai na cikin wayar kyauta ne. Gindin Android a buɗe yake, shi ya sa Transsion ke iya ɗora nasa ado a kai ya kira shi HiOS ko XOS. Amma kasuwar manhajoji ta Play Store da taswira da YouTube na Google ne, sai da izininsa. Da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi a 2019, kamfanin ya ci gaba da amfani da gindin, amma sababbin wayoyinsa suka rasa waɗannan. Abin da lasisi ya buɗe wa kowa babu gwamnatin da ta iya ƙwacewa, abin da ke hannun kamfani ɗaya kuwa rana ɗaya aka rufe shi.

Abin da ya rage gare mu

Yau akwai matasa a Jami'ar Bayero, da kwalejojin Bichi da Dambatta da Kazaure, masu rubuta manhajar lissafin kuɗin makaranta, da ta ƙungiyar manoma, da ta shagon magani. Yawancin irin wannan ciniki da baki ake yin sa. Alhaji ya biya, yaro ya rubuta, an sha hannu. Alhaji na ganin tun da ya biya komai nasa ne. Yaron na ganin ya sayar da amfani ne, asalin rubutun na nan a kwamfutarsa, gobe zai sayar wa wani. Kowannensu da gaskiyarsa a zuci, kamar yadda Frankenberg ke da tasa.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta yi magana a kan wannan. Haƙƙi na fara zama ne a hannun wanda ya rubuta, sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka, ban da aikin da aka yi wa gwamnati, wanda ke da nasa hukunci. Sayar da haƙƙin kuma ba ya inganta sai a rubuce. Ta fuskar addini ma ba baƙon abu ba ne: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Saboda haka kafin a fara aiki, takarda ɗaya ta isa ta amsa tambayoyi huɗu. Wa zai riƙe asalin rubutun? Mai biya ya sayi haƙƙin ne ko izinin amfani? Wane sashe aka ɗauko daga manhajojin kyauta, kuma wane sharaɗi lasisinsu ya gindaya? Idan mai rubutun ya bar gari ko ya rasu, wa ke da ikon gyara? Tambaya ta uku tana ƙara nauyi yanzu da matasa ke sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su rubuta musu aiki, domin a 2022 an shigar da ƙarar GitHub da Microsoft da OpenAI a Kalifoniya kan ko irin waɗannan manhajoji na kwaso rubutun mutane su zubar da sunayensu da sharuɗɗansu. Novell da Santa Cruz suna da manyan lauyoyi, duk da haka jimla ɗaya mai harshen damo ta jawo shekara bakwai ana shari'a. Mai makaranta a Makoɗa da ɗalibin da ya rubuta masa manhaja ba su da kuɗin shekara ɗaya a kotu, don haka tasu takardar ta fi buƙatar fitowa fili tun ranar ciniki.